Wa ke riƙe da alƙalami? Rikicin damawa da kowa a fina-finan Amurka

Duk wanda ya saba kallon fina-finan kudancin Najeriya ya san wannan mutumin. Yana zaune kan benci a bakin get, da 'yar rediyo manne a kunne, buta a gefe, hularsa ta sha jiki. Da an danna hon sai ya zabura ya ja ƙofa yana gwamutsa Turanci, maigida ya daka masa tsawa, masu kallo su fashe da dariya. Ba a nuna matarsa, ba a faɗin garinsu, sau da yawa ko suna ba a ba shi, "aboki" ya wadatar. Gadi sana'a ce ta halak, babu abin kunya a cikinta. Abin da ke sukata a rai shi ne a ɗauki al'umma mai miliyoyin mutane, da malamanta da attajiranta da likitocinta, a dunƙule ta cikin mutum ɗaya, shi ma ɗayan wanda ya rubuta shi bai taɓa zama da irinsa sun yi hira ba.

Wanda ya taɓa jin wannan ciwon ba zai sha wahalar gane rigimar da aka kwashe shekara goma ana yi a Hollywood ba, kan tsarin damawa da kowa a fina-finai da shirye-shiryen talabijin, wanda Amurkawa ke taƙaitawa da DEI. Wani ɓangare na cewa an daɗe ana rufe wa baƙaƙe da mata da 'yan Asiya da naƙasassu ƙofa, kuma ba za ta buɗu ba sai an kafa ƙa'ida. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙa'idar ta kashe labari, ta mayar da fim huɗuba, ta sa ana ɗaukar mutum aiki don launin fatarsa. Na saurari duka biyun da kyau. Abin da na fahimta shi ne an ɓata yawancin yawun baki kan fuskar da ke bayyana a majigi, alhali ainihin maganar tana wurin wanda ya rubuta labarin da wanda ya sa hannu aka fitar da kuɗin.

Masu kukan cewa an lalata zamanin cancanta sukan manta cewa Hollywood ta taɓa samun ƙa'idar launin fata rubutacciya, sai dai ta hana ce. Dokar tace fina-finai da ake kira Hays Code, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 1934, ta haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, kuma a aikace haramcin ya shafi sauran launuka. Anna May Wong, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ita ce fitacciyar jarumar Asiya a Hollywood a lokacin. Da aka tashi shirya The Good Earth na 1937, labarin manoman ƙasar Sin, an ba farin Bature matsayin mijin, don haka ita ba ta samu fitowa a matarsa ba. Aka ɗauko Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, aka yi mata kwalliyar Sinawa, ta kuma ci lambar Oscar, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, da wannan rawar. A 1940 Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, bisa fitowarta a matsayin baiwa. Otal ɗin Ambassador na birnin Los Angeles inda aka yi bikin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka roƙa mata alfarma ta shiga, aka zaunar da ita a wani ɗan tebur can gefe, nesa da abokan aikinta. Daga wannan teburin ta taso ta karɓi lambarta, ta koma can ta zauna.

An soke waccan dokar tun a shekarun 1960, amma al'adar da ta haifa ta ci gaba da tafiya da ƙafarta. Sana'ar fim sana'ar sanayya ce. Darakta yana kiran mai ɗaukar hoton da ya saba da shi, shi kuma ya zo da yaransa, shugaban marubuta ya cika ɗaki da abokan karatunsa. Ba sai kowa yana ƙin wani ba, sabo kaɗai ya isa ya toshe hanya. Wani bincike da jaridar Los Angeles Times ta yi a 2012 ya nuna cewa kashi 94 cikin 100 na masu kaɗa ƙuri'ar Oscar farare ne, kashi 77 kuma maza. Sai a 2010 mace ta fara cin lambar gwarzon darakta, wato Kathryn Bigelow, bayan an shafe sama da shekara 80 ana raba lambar. Halle Berry ta ci ta gwarzuwar jaruma a 2002, fiye da shekara 20 suka wuce ba a sake ba wata baƙar mace ba.

Tura ta kai bango a Janairun 2015, lokacin da aka fitar da sunayen 'yan wasa 20 da za su fafata, dukkansu farare. Wata mata mai suna April Reign ta ƙirƙiro maudu'in #OscarsSoWhite a Twitter. Shekara ta zagayo aka sake maimaita abu ɗaya, 20 cif, babu baƙi ko ɗaya. Ƙungiyar da ke raba lambar ta yi alƙawarin ninka yawan mata da tsiraru a cikin mambobinta kafin 2020, ta shiga gayyato 'yan fim daga ƙasashe daban-daban. A ganina wannan ne gyara mafi amfani da aka yi, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, domin ya taɓa masu yanke hukunci ne kai tsaye. A 2020 fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu ya zama na farko da ba na Turanci ba da ya ci lambar gwarzon fim.

Kisan George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun ɗan sandan Amurka, a Mayun 2020 ya ƙara wa abin wuta. Kamfanoni suka shiga rige-rigen alƙawari. BBC ta ce za ta kashe fam miliyan 100 cikin shekara uku kan shirye-shiryen da suka dama da kowa. Tashar CBS ta sa wa kanta burin cewa kashi 40 na marubutan shirye-shiryenta za su zama waɗanda ba farare ba, daga baya a kai kashi 50. A Satumban shekarar ne masu Oscar suka fitar da ƙa'idojin da aka fi cece-kuce a kansu, waɗanda suka kwaikwayo daga hukumar fina-finan Birtaniya, suka kuma fara aiki da su a bikin 2024.

Ya kamata a tsaya a karanta waɗannan ƙa'idoji, don yawancin masu zaginsu da masu yabonsu ba su karanta ba. Lambar gwarzon fim kaɗai suka shafa. Sharuɗɗa huɗu ne, fim ya cika biyu ya tsallake. Na farko ya shafi abin da ke kan majigi: ko a samu ɗan tsiraru cikin manyan jarumai, ko kashi 30 na ƙananan 'yan wasa su fito daga rukunan da aka bari a baya, ko labarin kansa ya zama nasu. Na biyu ya shafi ma'aikatan bayan fage da shugabannin sassa. Na uku yana neman kamfani ya ɗauki 'yan koyon aiki yana biyansu. Na huɗu kuma ya dubi manyan jami'an talla da rarraba fim. Mata na cikin rukunan da ake lissafawa. To, babban kamfani irin Universal ko Warner zai iya cika na uku da na huɗu daga ofis, ba tare da ya taɓa ko layi ɗaya na labarin ba. A shekarar farko da ƙa'idar ta fara aiki, Oppenheimer ne ya ci, labarin masanan da suka ƙera bam ɗin nukiliya, kusan dukkansu fararen maza. Jarumi Richard Dreyfuss ya ce a 2023 ƙa'idojin suna sa shi jin amai, don babu mai ikon gaya wa mai fasaha abin da zai yi. Na fahimci kishinsa ga 'yancin mai fasaha, amma katangar da yake tsoro gajera ce ƙwarai. Idan akwai wanda za ta iya wahalarwa, ƙaramin furodusa ne mai zaman kansa, wanda ba shi da sashen talla balle kuɗin biyan 'yan koyo.

Wannan ba ya nufin masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan. Suna da ita a wurare fiye da ɗaya, kuma masu goyon bayan tsarin sun cuci kansu da suka riƙa yi wa duk mai ƙorafi kallon mai wariyar launin fata.

Mai kallo yana gane lokacin da ake yi masa wa'azi da sunan labari. Idan aka ƙirƙiro jaruma wadda ba ta kuskure, ba ta tsoro, ba ta koyon komai daga kowa, don gudun kada a ce an ƙasƙantar da mata, an raba ta da abin da ke sa a ƙaunaci mutum a labari. Baƙin da aka wanke tas daga kowane aibi shi ma bai zama mutum ba, ya tashi daga wani akurki ne ya faɗa wani. Shugaban Disney na lokacin da kansa, Bob Iger, ya amsa a Nuwamban 2023 cewa masu shirya musu fina-finai sun sha'afa da aikinsu na farko, wato nishaɗantarwa, sun sa isar da saƙo a gaba.

Akwai kuma hanyar da kamfanonin suka fi so saboda sauƙinta: a ɗauko tsohon labarin da aka san zai yi kasuwa, a sauya launin jarumar, a ce an yi adalci. Lokacin da Disney ta ba Halle Bailey, baƙar yarinya, matsayin 'yar ruwa a The Little Mermaid na 2023, zagin da aka yi mata a intanet ƙazanta ne tsagwaronsa, kuma 'yar ruwa ba ta da ƙabilar da za a ce an ƙwace mata. Duk da haka tambayar tana nan: me ya hana a zuba wannan makudan kuɗin a labarin da ya fito daga cikin baƙaƙen kansu? Kamfani ya tsira da tsohuwar hajarsa, ya samu yabo, ya bar yarinya ita kaɗai tana shan jifa. John Boyega, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan, ya faɗi irin wannan a 2020. An tallata shi a matsayin babban jarumi a sababbin fina-finan Star Wars, aka rage girman hotonsa a fostar da aka kai ƙasar Sin, sannan a fina-finan da suka biyo baya aka tura shi gefe.

Batun ɗaukar aiki ya fi sarƙaƙiya, kuma mu 'yan Najeriya mun san shi ciki da bai, tunda muna da tsarin raba daidai a kundin mulki tun 1979. Mun ga inda ya buɗe wa ɗan talakan wata jiha ƙofar da ba zai taɓa shiga ba, mun kuma ga inda ya zama tambarin raini, a riƙa yi wa ƙwararre kallon ɗan alfarma. A Hollywood tashoshin talabijin sun daɗe da wani shiri na biyan albashin ƙaramin marubuci ɗaya daga tsiraru, ba daga kasafin shirin ba. Shugaban marubuta ya samu ma'aikaci kyauta. Idan wa'adin tallafin ya ƙare, lokacin da ya kamata a ƙara masa girma a fara biyansa daga aljihun shirin, sau da yawa sai a sallame shi a ɗauko wani sabon na kyauta. Lissafi ya cika a takarda, amma mutumin bai hau ko matakala ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma, wani farin ma'aikaci, Brian Beneker, ya kai CBS ƙara a 2024 yana cewa an hana shi gurbin marubuci saboda launinsa da jinsinsa, daga baya aka sasanta a wajen kotu. Wanda ya ce zalunci ne a hana baƙi aiki don fatarsa, dole ya saurari wannan ƙorafin da zuciya ɗaya. Shi ya sa na fi gamsuwa da faɗaɗa wurin neman ma'aikata, da koyarwa, da ƙarin girma na gaskiya, a kan kafa adadin da dole a cike.

Inda na rabu da masu suka shi ne da'awarsu cewa duk fim ɗin da ya dama da kowa faɗuwa yake yi. Suna lissafa waɗanda suka faɗi, kamar Snow White na 2025, su tsallake waɗanda suka yi kasuwa. An daɗe ana cewa a Hollywood fim ɗin baƙaƙe ba ya sayuwa a ƙasashen waje, sai Black Panther ya fito a 2018 ya tara sama da dala biliyan 1.3. Abin lura a wannan fim ɗin yana bayan kyamara. Daraktansa Ryan Coogler baƙi ne, ya kuma zo da Ruth Carter ta tsara sutura, Hannah Beachler ta tsara wuraren ɗaukar hoto, su biyun suka zama baƙaƙe na farko da suka ci Oscar a fannoninsu a 2019. Haka CODA, wanda ya ci gwarzon fim a 2022: kurame na gaske ne suka fito a matsayin kurame, da yaren hannunsu, ɗaya daga cikinsu, Troy Kotsur, ya tafi gida da lamba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fina-finan fararen maza zalla ma suna faɗuwa kowace shekara, ba a taɓa cewa launinsu ne ya kayar da su ba.

Akwai ɓangaren da na san shi ne ya fi tsaya wa mai karatu Bahaushe a rai, kuma ba zan kewaye shi ba. A tsarin Amurka, masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi suna cikin rukunan da ake lissafawa, kwando ɗaya da baƙaƙe da mata da naƙasassu. A 2022 ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun hana nuna katun ɗin Lightyear saboda wani ɗan gajeren wuri da mata biyu suka sumbaci juna. A cikin Amurka ma wannan batu ne ya haɗa Disney faɗa da gwamnan Florida, Ron DeSantis, a shekarar. Uban da ke sa ido kan abin da 'ya'yansa ke kallo yana kan haƙƙinsa, kuma al'ummu sun sha bamban a kan wannan magana bambanci mai zurfi. Sai dai kuskure ne mu bari wannan ɓangaren ya sa mu yi watsi da maganar gaba ɗayanta, domin muna cikin waɗanda ta shafa. Wani bincike na jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka fitar a 2021, da goyon bayan jarumi Riz Ahmed, ya duba manyan fina-finai 200 na 2017 zuwa 2019, ya tarar Musulmi ba su kai kashi 2 cikin 100 na masu magana a cikinsu ba, kuma da yawansu an haɗa su da tashin hankali. Ko a Black Panther da ake ta yabo, inda aka taɓo arewacin Najeriya dajin Sambisa ne, da 'yan bindiga da 'yan matan da aka sace.

Wannan ya kawo ni ga wani aibi da ba a cika faɗa ba. Ma'aunin da Hollywood ke amfani da shi na Amurka ne, an gina shi kan tarihinta na bauta da wariya, ba ko'ina yake shiga ba. Da Netflix ta fitar da shirin tarihi kan Sarauniya Kiliyofatra a 2023 da baƙar jaruma, Masarawa ne suka fi kowa fusata, har hukumar kayan tarihinsu ta fitar da sanarwa. Kiliyofatra daga zuriyar Girkawan Makidoniya take, amma ko an ajiye wannan gefe, abin da ya ƙona wa Masarawa rai shi ne an ɗauki tarihinsu an yi amfani da shi wajen biyan wata buƙata ta Amurka ba tare da an tambaye su ba.

Yadda abin ya warware cikin sauri ya nuna zurfin saiwarsa. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. A daidai wannan lokacin manyan jami'an damawa da kowa na Disney da Netflix da Warner da ƙungiyar Oscar, dukkansu baƙaƙen mata, suka bar kujerunsu cikin 'yan makonni. Da Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 ya sa hannu kan umarnin yaƙi da tsarin, shugaban hukumar sadarwa ta FCC, Brendan Carr, ya buɗe bincike kan kamfanonin Comcast da Disney. Kafin hukumar ta amince da haɗewar kamfanonin fim na Paramount da Skydance a Yulin 2025, sai da Skydance ta yi alƙawarin kawar da shirye-shiryen DEI. Kiɗa ya canza, rawa ta canza. Waɗanda a jiya suke cewa bai dace a tsoma siyasa a cikin fasaha ba, ya kamata a ji muryarsu yanzu da hukumar gwamnati ke amfani da lasisi tana juya kamfanonin labari, don wannan katsalandan ya fi na masu Oscar nauyi nesa ba kusa ba.

Laifi tudu ne. Kafin mu gama nuna wa Hollywood da Legas yatsa, mu dubi namu fina-finan: yadda ake fito da Bafulatanin daji da Bagwari da Ibo don a yi dariyar Hausarsu, yadda gurgu da makaho da mai in'ina ba sa fitowa sai a bara ko barkwanci, da ƙarancin matan da ake miƙa wa kujerar darakta a Kano duk da cewa mata ne suka riƙe rubutun littattafan Hausa shekara da shekaru.

A Nuwamban 2019 masu Oscar sun cire Lionheart na Genevieve Nnaji, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa, daga gasar fina-finan ƙasashen waje, saboda Turanci ya rinjayi maganar cikinsa. An yi ta muhawara kan ko adalci ne a hukunta ƙasa don harshen da mulkin mallaka ya bar mata. Ni abin da na riƙe daga fim ɗin wani ne daban. Akwai Bahaushe a ciki, attajiri mai kamfanin sufuri daga Kano, kuma Sani Mu'azu aka kira ya fito a matsayinsa, Yakubu Mohammed ya fito a ɗansa. Mutum ne mai gida da iyali da lissafin kasuwa, ana zuwa wurinsa neman haɗa hannu. A wurin ganawar, tsohon attajirin Ibo da Pete Edochie ya fito a matsayinsa, wanda shi kansa a Zariya ya tashi, ya juya harshe ya yi masa magana da Hausa, Alhaji ya amsa masa da ita.